In rufe ƙofa a kan Player's Handbook kaɗai, ko in bar 'yan wasa su ɗebo daga kowane littafi?

Sabon Jagora

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga waɗanda suka daɗe suna jan Dungeons & Dragons ce, wasan teburin nan na labari da dayis, bugu na biyar, wanda ya fito a 2014. Za mu fara doguwar tafiya, 'yan wasa biyar ni na shida, zama ɗaya duk mako biyu, awa huɗu, daga mataki na 1 zuwa wajen na 10. Duniyar hamada ce, ayari da rijiyoyi da ƙarancin ruwa. Littattafai ukun nan na tushe, ciki har da Player's Handbook, littafin 'yan wasa, su ne kawai a hannuna. Amma mutum biyu suna da ƙarin littattafan dokoki, Xanathar's da Tasha's, ɗaya ya ƙwallafa rai a kan aarakocra, jinsin nan mai fuka-fuki, wata kuma ta turo hoton wani tsafi da ta gani a littafin Strixhaven.

Abin da ke raina shi ne in ce Player's Handbook kaɗai, kowa ya huta. Ina tsoron in buɗe ƙofa wani ya zo da jarumin da zai cinye wasan shi kaɗai, kuma ina tsoron in rufe a ce na matse mutane. Ku da kuka san kan abin, a ina kuke jan layi, kuma me ya sa?

Tsohon Hannu

Wa alaikumus salam. Taƙaitawa haƙƙinka ne, kuma ina goyon bayanta. Sai dai ka san dalilin da ya sa kake yi, domin in don gudun jarumi mai cinye wasa ne, to an gudu ba a tsira ba. Manyan abubuwan da ke karya ma'aunin bugu na biyar suna cikin Player's Handbook ɗin kansa.

Ɗauki fighter ɗan mataki na 5, ɗan jinsin mutum mai samun baiwa, wato ƙwarewa ta musamman da ake zaɓa, tun mataki na 1, ya ɗauki Crossbow Expert, a mataki na 4 ya ƙara Sharpshooter, salon faɗansa na harbi. Harbi uku yake yi a kowane zagaye. Da Dexterity 16, in ya yi harbin yau da kullum yana da +8, a kan abokin gaba mai sulke 15 yana samu kashi 70 cikin ɗari, kowane harbi kusan 6.5, jimilla wajen 14 a zagaye. In ya karɓi ragin 5 a saiti don ƙarin 10 a ɓarna, wanda Sharpshooter ke bayarwa, samunsa ya sauko zuwa kashi 45, amma kowane harbi ya zama 16.5, jimilla wajen 22. A sa masa tsafin Bless mai ƙara saiti, ko kuma wani abin da zai ba shi jefa dayis biyu ya ɗauki babba, sai ka ga dodon da ka shirya don zagaye huɗu ya faɗi a biyu. Babu ko layi ɗaya na wannan da ya fito daga ƙarin littafi.

Haka druid na reshen Moon, ɗaya daga cikin rassan ajinsa. A mataki na 2 yana rikiɗa ya zama beyar mai jini 34, wato yawan dukan da zai ɗauka kafin ya faɗi, sau biyu kafin gajeren hutu, ga nasa jinin wajen 17 yana jira a ƙasa, alhali fighter ɗin da ke gefensa yana da wajen 20 gaba ɗaya. A mataki na 5 kuma ya samu Conjure Animals, ya kira kyarkeci takwas. Kowane ɗaya yana jefa dayis biyu in ɗan'uwansa na kusa da abin harin, ka ga jifa goma sha shida kenan a zagaye ɗaya, ban da gwajin ƙarfi na faɗuwa da za ka yi wa duk wanda aka ciza. Sauran mutum huɗun kuwa sai su ciro wayoyinsu.

Kuma tunda ka ce hamada, ga wanda ya fi shafarka: tsafin Goodberry yana ba da 'ya'ya goma, kowane ɗaya ya ƙosar da mutum yini guda. Create or Destroy Water yana kawo galan goma, mutum kuma galan ɗaya yake buƙata a yini, biyu in ana zafi. Mutum biyar a zafi, galan goma cif. Duka tsafe-tsafen matakin farko ne, duka a littafin da kake ganin shi ne mafaka. Rijiyoyinka sun zama ado tun zaman farko.

Dalilan taƙaitawa na gaskiya biyu ne a wurina. Na farko, abin da kanka zai iya ɗauka: duk dokar da ɗan wasa ya kawo tebur, kai za a kalla in gardama ta tashi, kuma ba za ka yi hukunci a kan shafin da ba ka taɓa karantawa ba. Na biyu, ɗanɗanon duniyar. In labarinka ba shi da mutum-inji irin warforged na Eberron, to ba shi da shi, ba sai ka kawo hujjar lissafi ba.

Gwanar Lissafi

Malam Tsohon Hannu ya faɗi gaskiya, amma kada a fahimci cewa ƙarin littattafan ba su da nasu ƙayoyin. Suna da su, kaɗan ne kawai, kuma an san sunayensu. Shi ya sa hana littafi sukutum asara ce: kana jefar da shafi ɗari biyu saboda shafi biyu.

Wanda ya fi kowanne shi ne cleric na reshen Twilight a Tasha's, na 2020. Daga mataki na 2 yana buɗe da'ira mai ƙafa 30 daga jikinsa ta kowane gefe, ta yi minti ɗaya, wato zagaye goma, ba ta kuma buƙatar ya riƙe ta da hankalinsa yadda ake riƙe tsafi. Duk wanda ya gama juyinsa a ciki yana samun jinin aro 1d6 haɗe da matakin cleric ɗin. A mataki na 2 matsakaici 5.5 ne. Saran goblin kuma 1d6+2 ne, shi ma 5.5. Ma'ana duk zagaye, saran farko da ya sami kowane jarumi a banza ya tafi. Jinin aro ba ya taruwa, wannan gaskiya ne, amma yana sabuntuwa, kuma ga mutum biyar a faɗan zagaye uku zai iya kaiwa sama da 80. Matsalar ba ta tsaya nan ba: in ka ƙara wa dodanni ƙarfi don su huda wannan garkuwa, ranar da mai cleric bai zo zama ba, ko ya riga ya kashe ikon a faɗan baya, sai ka kashe tawagar gaba ɗaya ba da niyya ba. Gyara mafi sauƙi: jinin aron ya zo sau ɗaya lokacin buɗe da'irar, ko a sa ta cikin abubuwan da ake riƙewa da hankali, yadda duka ɗaya zai iya tsinke ta.

Tsafin Strixhaven da aka turo maka, kusan na tabbata Silvery Barbs ne. Na matakin farko ne, ana jefa shi a matsayin martani: wani a cikin ƙafa 60 ya yi nasara a hari ko gwaji ko kare kai, sai a tilasta masa ya sake jefawa ya ɗauki ƙarami, sannan a ba wani daban damar jefa biyu. Yana soke mugun saran da ake samu in dayis ya faɗi a 20, yana kuma ba kowane babban tsafi dama ta biyu da kuɗi kaɗan. Abin da ya fi damuna da shi ma ba ƙarfinsa ba ne, jinkirin da yake kawowa ne. Kowane jifa da ka yi sai ka dakata ka kalli mai shi ko zai ce wani abu. In masu tsafi biyu ko uku suka ɗauke shi, faɗa ya zama zaman kotu. Ko ka hana shi, ko ka mai da shi na mataki na biyu.

Hexblade na Xanathar's shi kaɗai ba shi da laifi, warlock ne mai kyau. Laifin yana fitowa ne in paladin ko sorcerer ya leƙa ya ɗauki mataki ɗaya tak: ya samu damar sara da Charisma maimakon ƙarfi, da tsafin Shield, da la'anar da ke sa 19 ta zama mugun sara, sorcerer kuma ya samu matsakaicin sulke da garkuwa. Amma haɗa aji biyu doka ce ta zaɓi, tana babi na shida na Player's Handbook tare da baiwa-baiwa, kuma an rubuta cewa sai da yardar mai jan wasa. Rufe wannan ƙofa ɗaya yana kashe yawancin haɗe-haɗen da ake yawo da su a intanet, ba tare da ka hana ko littafi ɗaya ba.

Ga ɗaya gefen kuma, akwai abin da za ka cutar da ɗan wasa in ka hana. Ranger na 2014, musamman reshen Beast Master, sai ya ba da babban aikin juyinsa kafin dabbarsa ta kai hari. Tasha's ne ya gyara wannan, ya mai da umarnin ƙaramin aiki, ya kuma ba dabbar jinin da ke ƙaruwa da mataki yadda ya kamata. Wanda ke son wasa da ranger a tebur mai dokar littafi ɗaya shi ne zai sha wahala, ba mai harbin nan na sama ba.

Mai Dayis Bakwai

Ni kam zan saɓa muku kaɗan. Duk wannan gyare-gyaren abu ɗaya-ɗaya ya dace da wanda ya karanta littattafan duka. Ɗan'uwanmu ya ce uku ne a hannunsa. Yaya zai tantance abin da bai gani ba?

Dokar da Adventurers League, tsarin wasa na hukuma a shaguna da taruka, suka daɗe suna amfani da ita a da, Player's Handbook da littafi ɗaya, ba a banza aka yi ta ba. Kowane ɗan wasa ya zaɓi ƙarin littafi guda, komai nasa ya fito daga nan. Amfaninta shi ne tana yanke haɗuwar abubuwan da ba a rubuta su da tunanin juna ba: jinsi daga nan, reshe daga can, tsafi daga na uku. Kuma tana da sauƙin faɗi, jimla ɗaya ce, babu wanda zai ce shi aka yi wa.

Akwai kuma maganar aljihu da ba a cika faɗa ba. Kowane babban littafi wajen dala hamsin ne farashinsa na asali. In ka ce komai ya halatta, a aikace ka ce mai kuɗi ya fi zaɓi. Mutum biyun nan masu littattafai za su zo da jarumai masu kaya iri-iri, ukun su zo da abin da suka samu. In za a buɗe littafi, to a ajiye shi a tsakiyar tebur ranar haɗa jarumai, kowa ya duba. Wanda ba za a iya ajiyewa a tsakiya ba, babu shi.

Sannan in akwai sabon shiga ko ɗaya a cikin biyar ɗin, aji goma sha biyu da jinsi tara na littafin farko sun ishe shi ruɗewa.

Gwanar Lissafi

Maganar ajiye littafi a tsakiya na karɓa hannu biyu. Amma dokar littafi ɗaya an yi ta ne don wurin da baƙi ke haɗuwa a shago ko babban taro, mai jan wasa bai san wanda zai zauna gabansa ba. A tebur na gida takan kama wanda bai yi laifi ba. Wadda ta zaɓi tabaxi daga Volo's don kawai tana son kyanwa mai magana, ta ƙone zaɓinta, ba ta da Xanathar's kuma. Mai neman ƙarfi kuwa ya ɗauki Tasha's shi kaɗai, ya zo da Twilight, doka ba ta ce masa komai ba.

Sabon Jagora

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Lallai Silvery Barbs ne, 'yar'uwa kin canka. Saura biyu: me zan yi da mai fuka-fukin? Sannan ɗaya daga cikinsu yana haɗa jaruminsa a D&D Beyond, shafin intanet na wasan, na ga wasu abubuwan sun bambanta da littafina. Wanne za a bi?

Alƙalin Tebur

Na biyun ya fi gaggawa, bari in fara da shi. Abin da ka gani wataƙila dokokin 2024 ne, domin an sake fitar da Player's Handbook a shekarar, kuma shafin yana nuna tsoho da sabo. Sunaye ɗaya ne, ciki ya bambanta. A sabon, kowane aji yana samun reshensa a mataki na 3, ƙarin maki yana zuwa daga asalin jarumi maimakon jinsinsa, Divine Smite ya koma tsafi mai cin ƙaramin aiki, an cire ragin 5 don ƙarin 10 daga Sharpshooter da Great Weapon Master, Conjure Animals kuma ya daina kawo dabbobi takwas masu juyi. Ka zaɓi shekara ɗaya ka rubuta ta a saman takarda. Tunda na 2014 ne a hannunka, shi ke nan. Barin kowa ya tsinci sigar da ta fi masa daɗi daga shekarun biyu ya fi kowane ƙarin littafi ɓarna.

Ko a cikin na 2014 ɗin ma akwai abin da aka buga sau biyu. Aarakocra na farko, na 2015, yana tashi ƙafa 50. Wanda aka sake bugawa a Monsters of the Multiverse a 2022 tashinsa daidai yake da tafiyarsa, ƙafa 30. Yuan-ti na Volo's guba ba ta kama shi sam, na baya kuwa rabi take yi masa. Healing Spirit na Xanathar's an yi masa gyara daga baya, aka ƙayyade sau nawa zai warkar, don haka tsohon bugu da sabo ba su faɗi abu ɗaya ba. Doka mai sauƙi: siga ta ƙarshe kafin 2024 ita ce ke aiki.

Batun fuka-fuki kuma ya danganta da filinka, kuma filinka hamada ce, babu rufi babu bishiya. A kogo mai rufin ƙafa goma tashi ba komai ba ne. A fili kuwa, maharbi mai dogon baka yana harbi daga ƙafa 150 ba tare da ragi ba, kuma kyarkeci, kura, ƙatuwar kunama, duk abin da ba ya jifa, sai dai ya ɗaga kai ya kalle shi. Sauran jarumai sai mataki na 5 suke samun tsafin Fly, na minti goma, mai tsinkewa in an doke su. Ban da faɗa, yana tsallake rami da katanga, yana hango ayari da rijiya daga nesa, wato rabin abin da ka shirya na matakan farko. In kuma ka cika kowane faɗa da maharba don maganinsa, ka faɗa wani ramin: a kayar da shi daga ƙafa 50, faɗuwar kaɗai 5d6 ce, matsakaici 17 da rabi, a kan jarumi mai jini goma ko sha ɗaya. Ko ba a taɓa shi, ko ya mutu, babu tsakiya.

Mafita uku ce. Ka hana, ka ce duniyar ba ta da su. Ko ka yarda amma fuka-fukan su zama na saukowa a hankali da dogon tsalle har mataki na 5, sannan su buɗe gaba ɗaya. Ko ka yarda da siga ta 2022 da sharaɗin dole ya sauka a ƙarshen kowane juyi har wannan matakin. Na tsakiyar ya fi, domin ɗan wasan yana da abin da yake jira.

Yadda za ka tsara duka kuwa, ka ari dabarar Pathfinder bugu na biyu, inda kowane abu yake da tambarin na kowa, wanda ba a cika samu ba, ko mai wuyar samu, kuma na biyun da na ukun sai an nemi izini. Takarda ɗaya ta isa, kashi uku.

Kashin farko, abin da kowa zai ɗauka ba tambaya: Player's Handbook na 2014, da rassa da tsafe-tsafen Xanathar's da Tasha's, bisa sharaɗin Mai Dayis Bakwai cewa littattafan biyu suna tsakiyar tebur. Ba sai ka karanta su duka ba. Mutum biyar ne, reshe biyar kawai za ka karanta, kowanne shafi ɗaya ko biyu, aikin dare ɗaya.

Kashi na biyu, sai an tambaya: duk jinsin da ba ya littafin farko, haɗa aji biyu, da komai daga littattafan da aka rubuta don wata duniya daban, irin su Eberron, Wildemount da Strixhaven. Mai so ya turo hoton shafin cikakke, ba taƙaitawar da ya gani a bidiyo ba, mako ɗaya kafin zama. Ka tambaye shi abu ɗaya: da me kake shirin haɗa wannan nan da mataki na 8? Amsar za ta nuna maka ko labari yake nema ko wani haɗin da ya gani.

Kashi na uku, abin da aka hana ko aka gyara, kowanne da dalilinsa a layi ɗaya. A naka zai zama kamar shida: Silvery Barbs, da'irar Twilight, tashi kafin mataki na 5, Conjure Animals ya tsaya a dabba biyu, 'ya'yan Goodberry su warkar amma kada su ƙosar, Create or Destroy Water ya kawo rabin ruwansa a cikin hamada ko a cire shi. Ka lura uku daga cikin shidan daga littafin tushe suke. Nan ma za ka sa Unearthed Arcana, domin kayan gwaji ne da ba a gama aunawa ba, da duk wani ajin da wani ya ƙirƙira ya ɗora a intanet.

A raba takardar kafin kowa ya haɗa jarumi, tun ran gini tun ran zane. Hana abu kafin a fara ba ya ɓata wa kowa rai sosai, ƙwace shi a mataki na 6 bayan mutum ya gina komai a kansa shi ne ke watsa tebur. Don haka ka ƙara layi biyu a ƙasa: littafin da ya fito ko aka saya bayan zaman farko ba ya shiga sai kowa ya yarda, kuma in ka gyara wata doka a tsakiyar tafiya, wanda abin ya shafa yana da damar sake gina jaruminsa kyauta, da kayansa da matakinsa.

Tsohon Hannu

Ƙari ɗaya a kan Goodberry: maimakon ka hana shi ƙosarwa, ka sa tsafin ya cinye reshen tsiron da ake riƙewa wajen yin sa. A doka ba ya ƙarewa, kuma sandar druid tana maye gurbinsa. In ka ce sai ɗanyen reshe, kuma kowane jifa yana cin guda, to sai an je inda tsiro yake kafin a samu, kuma a hamada wurin nan bakin rijiya ne. Reshe uku ko huɗu a kowace rijiya, su bushe bayan kwana biyar.